Mu Zana Aikinmu Kafin Mu Gyara Shi

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin ma'aikatan sashenmu na raya karkara ya gabatar a taron bita na 'yan kwamitin ƙungiyoyin manoma da na mata. Mun buga shi domin waɗanda ba su sami zuwa ba.

  

An ba mu wannan lokaci domin mu yi magana a kan yadda ake zana tafiyar aiki. Manyan kamfanoni da bankuna sukan kashe kuɗi mai yawa domin a koya wa ma'aikatansu wannan abu. Amma tushensa ba shi da wuya. Duk wanda ya taɓa kwatanta wa baƙo hanya da tsinke a ƙasa zai iya. Kafin mu shiga bayani, bari mu ba ku labarin abin da ya koya mana darajarsa.

Takin da ya zo a makare

A wata damina, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da muke aiki tare da su ta nemi rancen takin zamani. Mutane suka cika takardu tun farkon watan Afrilu. Aka yi ruwan shuka, masara ta tsiro, aka yi noman fari, taki shiru. Sai tsakiyar watan Yuni buhuna suka shiga hannun masu su. Kun san masara ba ta jiran kowa. Kamfa ana so a sa ta wajen lokacin shuka ko cikin sati biyu na farko, yuriya kuma ta biyo baya wajen sati na biyar ko na shida. A lokacin da takin ya iso, ganyen masara ya riga ya yi ruwan ɗorawa a gonaki da yawa.

Rai ya ɓaci, aka fara neman mai laifi. Kowa ya nuna magatakarda, gama shi ne ya karɓi takardun. Waɗansu suka ce ya danne su, waɗansu har suka ce ya juya kuɗin ya yi kasuwanci da su tukuna. Mutumin nan malamin firamare ne, aikin ƙungiya kyauta yake yi. Ya kawo littafin ƙungiya ya ajiye a gaban shugaba, ya ce ya sauka.

Da muka je, ba mu zauna shari'a ba. Muka roƙi a ba mu takarda guda ɗaya mu bi sawunta. Aka zaɓi ta wata gwauruwa mai 'ya'ya huɗu wadda ta nemi buhu biyu. Muka shiga aji, muka ɗauki alli, muka tambayi kowane mutum da takardar ta bi ta hannunsa: yaushe ta zo maka, me ka yi mata, yaushe ta bar hannunka? Ga abin da ya fito a kan allo:

Ta jira zaman kwamiti, wanda ake yi Asabar ta ƙarshen wata: kwana 19.
Kwamiti ya ga babu sa hannun mutum na biyu mai tsaya mata, aka mayar da ita, ta jira zama na gaba: kwana 28.
Ta jira a sami mai zuwa gari ya kai ta ofishinmu: kwana 6.
Ta kwanta a ofishinmu domin ɗaya daga cikin masu sa hannu a cek ya yi tafiya: kwana 10.
Sayen taki da neman motar da za ta yarda ta bi hanyar ƙauyen: kwana 4.
Taki yana cikin sito, mai riƙe da makulli ya tafi jana'iza a wani gari: kwana 3.

Jimla kwana 70. Da muka haɗa lokacin da wani yake yi wa takardar aiki da gaske, har da zuwa kasuwa da lodi, bai wuce kwana biyu ba. Sauran duka jira ne. Babu wanda ya ci ko kwabo. Kwana goma daga ciki kuma a kan teburinmu aka yi su, mu da muka zo da niyyar yi wa mutane sulhu. Ajin ya yi tsit. Wani dattijo ya tashi ya je ya kama hannun magatakarda. Ranar muka gane cewa gani ya kori ji.

Mece ce tafiyar aiki?

Tafiyar aiki ita ce jerin matakan da ake bi, daga lokacin da wani abu ya tayar da aiki har zuwa lokacin da wanda ake yi dominsa ya sami abin da yake bukata. Kullum tana da abubuwa huɗu: abin da ya tayar da ita, matakan da ake bi, mutanen da suke yin kowane mataki, da sakamakon da ya fito. Ba da rance tafiyar aiki ce. Haka nan rabon kayan agaji, karɓar hatsi a rumbun ƙungiya, kai mai naƙuda asibiti, ko yin man gyaɗa daga sayen gyaɗa har kuɗi su shiga asusu.

Damuwar ita ce, kowa guntun da yake hannunsa kaɗai ya sani. Magatakarda ya san nasa, ma'aji ya san nasa, mu a ofis mun san namu. Kowa kuma yana ganin ya yi nasa daidai. Babu mai ganin hanyar gaba ɗaya sai mai takarda, ita kuwa ba a tambayarta. Zane shi ne yake tattara guntayen nan wuri ɗaya domin kowa ya gani.

Wannan dabara ta daɗe. Wani Ba'amurke mai suna Frank Gilbreth ya fara aiki a matsayin ɗan koyon gini a 1885. Ya lura cewa kowane magini da irin hanyarsa ta ɗora bulo. Ya riƙa ƙirga motsin da ake yi, sunkuyawa, juyawa, miƙa hannu, har ya rage su daga 18 zuwa wajen 5 a kan kowane bulo. A 1921 shi da matarsa Lillian suka gabatar wa ƙungiyar injiniyoyi ta Amurka hanyar zana matakan aiki a takarda. A 1947 ƙungiyar ta tsayar da alamomi biyar domin wannan zane. A zamanin kwamfuta kuma an fito da wani tsarin alamomi da ake kira BPMN a 2004, aka sabunta shi a 2011, ya zama ma'auni na duniya a 2013. Yana da alamomi da yawa, amma a kan kaɗan aka gina sauran, su ne kuma za mu koya yau.

Alamomin da muke bukata

Da'ira. Ita ce farko da ƙarshe. Da'irar farko tana nuna abin da ya tayar da aikin, misali "mamba ta nemi rance". Ta ƙarshe tana nuna inda aka tsaya, misali "taki ya shiga hannunta".

Akwati. Kowane akwati mataki ɗaya ne. A rubuta abin da ake aikatawa a ciki, a gajarce: cika takarda, duba sa hannu, rubuta cek. Kada a rubuta "ofis" ko "kwamiti" kawai, gama wannan bai faɗi abin da suke yi ba.

Mararraba. Akwati ne da aka tsayar a kan kusurwarsa. Nan ne ake yin tambaya hanya ta rabu: takarda ta cika? In i, a bi nan. In a'a, a bi can. Dole kowace hanya ta kai wani wuri. Yawancin wahalar mutanenmu tana kan hanyar "a'a", domin ba mu cika tunanin abin da zai faru da wanda aka mayar ba.

Kibiya. Tana nuna abin da ke bin wani.

Kunya. A ja layuka a kwance kamar kunyoyin gona, a ba kowane mai aiki kunyarsa: mamba, magatakarda, kwamiti, ofis, mai sito. A sa kowane akwati a kunyar wanda yake yin aikin. Geary Rummler da Alan Brache ne suka yaɗa wannan salo cikin littafinsu na 1990. Amfaninsa babba ne. Duk inda kibiya ta tsallaka daga wata kunya zuwa wata, aiki ya sauya hannu ke nan. A duba wurin da kyau, gama a nan takardu suke kwana.

Ba a bukatar kwamfuta. Allo da alli sun isa, ko bayan tsohuwar kalanda. Mun fi son a yanka ƙananan kwalaye, mataki ɗaya a kowane kwali, domin a iya matsar da su in an tuna da wani abu. Inda akwai waɗanda ba su karatu, a zana a ƙasa, a sa dutse a matsayin mataki, tsinke a matsayin kibiya, wani kuma ya kwafa a takarda daga baya.

Yadda za a yi zanen

Na ɗaya, a yarda a kan inda aikin ya fara da inda ya ƙare. Wannan yakan kawo gardama, kuma gardama ce mai amfani. A wurinmu a ofis, aikin rance ya ƙare ranar da muka biya kuɗin taki. A wurin gwauruwar nan bai ƙare ba sai buhu ya iso gonarta. Nata ne daidai. Kullum a auna daga wajen wanda ake yi wa aikin.

Na biyu, a tara waɗanda suke yin aikin da hannunsu. Shugaba shi kaɗai ba zai iya zana shi ba, ko da ya shekara ashirin a kujera. A kira mai sito, a kira yaron da ake aika da takardu a babur, a kira mamba ɗaya ko biyu da suka taɓa bin hanyar.

Na uku, a zana abin da ake yi da gaske. Kundin dokokin ƙungiya yana iya cewa kwamiti yana zama kowane wata, alhali an yi wata biyu ba a cika ba. A zana wata biyun. In mutane sukan bi ta gidan shugaba da dare domin a hanzarta musu, a zana wannan ma. Zanen da aka yi wa kwalliya ba zai warkar da kome ba.

Na huɗu, a bi abu guda ɗaya na gaske daga farko har ƙarshe, kamar yadda muka bi takarda ɗaya. In aka ce "yawanci mukan yi kaza", kowa zai faɗi abin da ya kamata. In aka ce "takardar wance", sai an buɗe littafi an duba kwanan wata.

Na biyar, a rubuta lokaci iri biyu: minti ko awa nawa matakin yake ci, da kwana nawa ake jira kafin a fara shi. A rubuta na farko cikin akwati, na biyu a kan kibiya.

Na shida, kada zanen farko ya wuce matakai goma zuwa goma sha biyar. In wani mataki yana da rassa da yawa, a yi masa nasa zane dabam.

A kafa doka ɗaya tun kafin a fara: ba a kiran sunan kowa da laifi a lokacin zane. Muƙami ake rubutawa a kunya. In mutane suka ji ana farautar mai laifi, za su ɓoye gaskiya, zanen kuma ya zama banza.

Yadda za a karanta zanen

Alamomi biyar na 1947 da muka ambata sun kasa duk abin da ke faruwa da kaya ko takarda gida biyar: ana yi mata aiki, ana ɗaukarta daga wuri zuwa wuri, ana duba ta, tana jira, ko tana ajiye. Na farko ne kaɗai yake matsar da bukatar mutum gaba. Sauran huɗun wani lokaci dole ne, amma kowannensu sai ya faɗi dalilin zamansa. Saboda haka a tsaya a kan kowane akwati a tambaya: don me muke yin wannan? Me zai faru in muka bari? Za a iya haɗa shi da wani? Za a iya yinsa tun da wuri? Dole sai wannan mutum ne zai yi shi?

Da muka yi wa zanenmu waɗannan tambayoyi, mun ga ana rubuta sunayen masu rance sau uku: a littafin ƙungiya, a rajistar jami'inmu, da a ta akanta. Da muka tambayi dalili, aka ce haka aka tarar. Mun kuma ga cewa duba sa hannu, aikin minti biyu, an ajiye shi sai a gaban kwamiti. Shi ya ci wa baiwar Allah nan kwana 28.

Abin da ya faru a kamfanin Ford

Kada mu ɗauka ƙananan ƙungiyoyi ne kaɗai suke da wannan ciwo. Michael Hammer, wani masani a Amurka, ya ba da labarin kamfanin motoci na Ford cikin wata maƙala a mujallar Harvard Business Review a 1990. A farkon shekarun 1980, sashen da ke biyan masu kawo wa Ford kaya a Arewacin Amurka yana da ma'aikata fiye da 500. Shugabanni suka yi shirin sa kwamfuta domin su rage kashi 20 cikin ɗari. Sai suka duba kamfanin Mazda na Japan, suka tarar mutum 5 ne suke wannan aiki. Ko da yake Mazda bai kai Ford girma ba, bambancin ya yi yawa.

Da suka bi tafiyar aikin, suka ga akawu yana jiran takardu uku daga wurare uku: takardar oda daga sashen saye, takardar shaidar karɓar kaya daga sito, da takardar neman biya daga mai kaya. Sai ya gwada abubuwa 14 a tsakaninsu kafin ya biya. Yawancin lokacinsa yana ƙarewa wajen bin sawun waɗanda ba su dace da juna ba. Sai suka sauya hanyar. Mai saye ya shigar da oda wuri ɗaya da kowa zai gani. In kaya sun iso, mai karɓa ya duba nan take. In sun dace da oda ya karɓa, biya ya fita. In ba su dace ba ya mayar. Abubuwan gwadawa suka koma 3, yawan ma'aikatan sashen ya ragu da kashi 75 cikin ɗari.

Darasi biyu muke so mu ɗauka. Na farko, sun kai dubawa bakin ƙofa, wurin da kaya suke shigowa, maimakon a gano kuskure bayan makonni. Na biyu, da sun sa kwamfuta a kan tsohuwar hanya, da ruɗanin yana nan, sai dai ya ƙara sauri. Mu ma yanzu wayoyi sun yawaita, ana ta ba mu shawara mu sa kome a waya. Yana da kyau, amma a gyara hanya tukuna.

Akwai gargaɗi kuma. Kamfanoni da yawa sun mai da wannan koyarwa dalilin korar ma'aikata, har a 1996 Hammer da kansa ya yarda cewa bai ba mutane muhimmancin da ya kamata ba. Mu ba mu da wanda za mu kora. Hannuwan da muke da su ma ba su isa ba, yawancinsu kuma masu aikin sa kai ne. Abin da muke nema shi ne kada gajiyarsu ta tafi a banza.

Abin da bai kamata a cire ba

Ba kowane jinkiri ne abin zubarwa ba. Waɗansu matakai katanga ce da ke tsare kuɗin jama'a, tana kuma tsare mutuncin mai riƙe da su. Mutum biyu su sa hannu a cek, wannan ya zauna. Wanda ya amince da rance kada ya zama shi ne mai riƙe da kuɗi. Mai sito kada ya fitar da buhu sai da takarda, mai karɓa kuma ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Aikinmu shi ne mu bar katangar a tsaye, mu rage jiran da ke bakin ƙofarta.

Ga abin da muka sauya tare da ƙungiyar nan. Magatakarda yana duba takarda a gaban mai ita, da jerin abubuwa huɗu da aka manna a bangon littafi. In wani abu ya rage, a ranar za ta sani. Ana buɗe karɓar takardu tun watan Fabrairu. Kwamiti yana zama kowane sati biyu a watannin Maris da Afrilu. Da an tashi zama, ana ɗaukar hoton jerin sunaye a aiko mana ta waya mu fara shiri, takardun su biyo baya. A ofis mun sa masu sa hannu su zama uku, kowane biyu sun isa. Rajista ta koma ɗaya. Makullin sito na biyu yana wurin mataimakiyar shugaba, da littafin da ake rubuta duk ranar da aka buɗe. Ba mu kashe ko sisi a kan waɗannan ba. Damina ta gaba, takardar da ta fi daɗewa ba ta kai sati uku ba.

Amfanin gonar waccan shekara dai bai dawo ba. Ƙungiya ta ɗaga wa waɗanda abin ya shafa lokacin biya, mu ma muka ɗauki namu rabon laifin a gaban taro. Magatakarda ya karɓi littafinsa, har yau shi ne yake riƙe da shi. Zanen yana manne a bangon ɗakin taronsu. Duk wanda aka zaɓa sabo a kwamiti, nan ake fara kai shi, domin aikin kada ya zauna a kan mutum ɗaya, ranar da ba ya nan kome ya tsaya.

Aikin da za mu tafi da shi gida

Bayan hutu za mu rabu kashi-kashi, kowace ƙungiya ta gwada. In kun koma gida kuma, muna roƙo ku zauna da membobinku a kan waɗannan:

1. Wane aiki ne mutane suka fi kuka da shi a ƙungiyarmu? A fara da shi, guda ɗaya tak.
2. A ina ya fara, a ina kuma ya ƙare, a wurin wanda ake yi dominsa?
3. Hannu nawa yake bi? A wane hannu ya fi daɗewa?
4. Me ke faruwa da wanda aka ce masa "a'a" ko "ka dawo"?
5. Wane mataki ne yake tsayawa cak in mutum ɗaya ya yi tafiya ko rashin lafiya?
6. Wane abu ɗaya za mu iya sauyawa a wannan wata ba tare da kuɗi ba?

Iyayenmu mata masu man gyaɗa, ku ma wannan naku ne. Ku zana tun daga sayen gyaɗa, suya, kai wa inji, matsa, tuyar ƙuli-ƙuli, har sayarwa. Kada ku manta da mararrabar nan: kuɗi hannu ne ko bashi? Ku bi hanyar bashin ku ga inda ta kai, da wanda yake rubutawa.

Ku zo da zanenku taro na gaba, ko da a bayan kwali ne. Mu ma za mu zo da na ofishinmu, mu manna shi a bango, ku nuna mana inda muke ɓata muku lokaci.